Akuyar Gidan Mai Unguwa

A bayan siton da nake tara citta a nan Kafanchan akwai wani bakanike. Idan ya ɗaga guduma ya buga ƙarfen taya, sautin yakan ratso bango ya same ni a kan kujera, kuma ko ina tsakiyar ciniki sai hankalina ya tafi gida. Irin sautin nan ne guntun ƙarfen layin dogo da ke rataye a jikin mangwaron majami'ar ƙauyenmu yake yi. Ba mu da ƙararrawa, shi ne ƙararrawarmu. Da shi ake kiran sujada, da shi ake kiran gayya, da shi ake sanar da mutuwa, kuma tun kana ƙarami kunnenka zai koyi bambanta bugun.

Ƙauyenmu yana can wajen Kagoma, kuma lokacin da nake firamare babana ne mai unguwa. Kada ka ji mai unguwa ka zaci wata sarauta ce mai kuri. Noma yake yi kamar kowa, tafin hannunsa duk kanta. Abin da ya bambanta shi kawai wata hula ce da yake ajiyewa cikin akwatin mamana, ba ya sa ta sai zai je wurin dagaci ko zai yanke magana a gaban jama'a. Shi ke raba rigimar iyakar gona, shi ke karɓar masu allurar rigakafi ya zagaya da su gida gida, shi ne kuma ke hawa keke ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma kan maganar gada.

Maganar gadar nan ta girme ni. Akwai rafi tsakaninmu da babbar hanya, da rani yaro ma yana tsallake shi, amma ruwa na kankama sai ya raba mu da kasuwa da asibiti. Duk kansilan da aka zaɓa zai zo a kan babur, ya tsaya a bakin rafin ya riƙe ƙugu, ya kaɗa kai, ya sha kunun da matan zumuntar majami'a suka dama masa, ya tafi. Saboda haka mu ke yin gadarmu da kanmu. Kowace shekara, kafin ruwa ya yi ƙarfi, ana gayya: maza su saro giginya su jera, mata su ɗebo duwatsu da ƙasa, mu yara mu yi ta kai ruwan sha muna shiga ƙafar mutane.

Naman da ake ci ranar gayyar kuwa, daga wata doka yake fitowa. Da zarar an yi shuka, sai a buga ƙarfe a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar, akuya ko tunkiya ko aladen da aka kama a gonar wani, mai gonar zai ɗaura masa ragowar abin da ya ci a wuya, ya kai shi ƙofar mai unguwa kowa ya gani, sannan ya koma da shi gidansa ya tsare har Lahadi. Bayan sujada sai a zauna a gindin mangwaro, mai unguwa ya ce dabbar ta shiga tukunyar gayya. Abu ɗaya ne ke cetonta: mai gonar ya tashi ya kwance igiyar da hannunsa a gaban taro. Mai unguwa ba shi da ikon kwancewa, ba shi ma da ikon roƙo.

Ina da akuya a lokacin, ja ce mai farin goshi. Kakata ce ta ba ni tun tana 'yar ƙarama, yadda ake yi wa jikoki mata a wurinmu, ta ce duk abin da ta haifa nawa ne, ko babana ba shi da iko a kai. Ban taɓa mallakar wani abu ba kafin ita, ko kwanon da nake cin tuwo na tarayya ne da ƙannena. A daminar da nake ba ka labari tana da cikin fari.

Maƙwabcinmu ta wajen gona wani tsohon soja ne, muna ce masa Baba Soja. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni, shi kaɗai yake zaune da rediyonsa. Hausarsa ta bariki ce, a bakinsa mace da namiji duk shi ne. Shekarar da ta wuce aladensa ya fasa shinge ya tone gwazar wata gwauruwa, matar ba ta kwance igiya ba don gonar ke nan gare ta, babana ya yanke, aka ci aladen a bakin rafi. Baba Soja ya karɓi rabonsa ya cinye yana ta mita, daga nan kuma gaisuwarsa da babana ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Wata rana aka wuni ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, akuyata ta ja ta ja har turken ya tumɓuke. Da safe muna shan kunu a tsakar gida sai muka ji muryarsa a ƙofa.

"Ranka ya daɗe, na kawo maka ɓarawo. Ina tsammani ka san shi, don shi ya nuna mini hanya."

Muka fito. Ga akuyata da ganyen masara ɗaure a wuya, tana ƙoƙarin juyo da kai ta ƙarasa cinyewa, turken yana jan ƙasa a bayanta. Maƙwabta sun riga sun leƙo ta kan danga. Babana ya dubi akuyar, ya dubi masarar, ya ce, "Na gani. Sai Lahadi." Ya koma ya ɗauki kwanon kununsa.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya yi ta karɓar baƙi. Kawuna ya zo ya ce a aika wa tsohon da kaza a rufe maganar. Pasto ma ya biyo da yamma, ya yi addu'a, ya yi magana mai daɗi a kan gafara, ya ce shi zai iya zuwa ya sami Baba Soja a asirce. Miyar da mamana ta yi a kwanakin kuwa ta yi ƙarancin gishiri, kuma babana ya gane. Amsar da ya ba su duka iri ɗaya ce, ya ce idan ya bi ta bayan gida a kan akuyar gidansa, gobe da wace fuska zai dubi wanda aka jawo tasa. Ni kuwa kuka nake yi a bayan rumbu. Ba na jin haushin Baba Soja kamar yadda nake jin na babana, don a ganina kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

Kakata ce ta same ni a can. Ba ta lallashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "An hana ubanki roƙo. Ke wa ya hana ki kai wa akuyarki ganye?"

Washegari na yanko ganyen mangwaro na nufi gidansa. Na same shi a kan kujerar katako yana gyaran batirin rediyo, akuyar tana ɗaure a gindin gwanda.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya. An aiko ka ne?"

"Ba wanda ya aiko ni. Abinci na kawo mata."

"Fursuna ba ya ganin baƙo sai da izini." Ya ci gaba da abin da yake yi. Can sai ya ce, "An ba da izini."

Na lura akwai ruwa mai tsabta a gabanta da ɓawon doya, amma a lokacin ban tsaya na yi tunanin abin da hakan ke nufi ba. Hankalina yana kan maganar da na kwana ina shiryawa. Na durƙusa na ce, "Baba, tana da ciki. Idan ka kwance ta ranar Lahadi, abin da ta fara haifa naka ne."

Ya ajiye batirin ya dube ni sosai.

"In mace ne fa?"

"Naka ne."

"In biyu ne?"

"Ka zaɓi wanda kake so."

"Kai! Wannan yarinya, kasuwa zai ci ka ko kai za ka ci kasuwa." Ya ɗauki rediyonsa. "Je ka gida. Kes yana gaban kotu."

Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Haka na yi ta kai ganye har Lahadi ta zo.

Ranar majami'a ta cika fiye da kullum, har waɗanda ba a ganinsu sai Kirsimeti sun zo. Da aka tashi sujada samari suka fito da bencuna gindin mangwaro, dattawa suka zauna a gaba, matan zumunta suka jeru a gefe da zannuwansu iri ɗaya. Ƙasa tana da danshi, ƙamshin ruɓaɓɓen mangwaro ya cika wurin. Aka fara da maganar ranar gayya da unguwar da za ta saro giginya, aka yi gardamar da aka saba a kan ko a sake tura wakilai sakatariya. Ni ban ji rabin abin da aka ce ba. Sai Baba Soja ya shigo da akuyar, ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki, ya ɗaure igiyar a ƙafar benci.

Babana ya gyara hularsa ya miƙe. Ya fara faɗa da yarenmu, sannan ya maimaita da Hausa saboda malaman makaranta baƙi, yadda aka saba.

"Akuyar gidana ta ci gonar maƙwabcina bayan an buga ƙarfe. Ta shiga tukunyar gayya."

Baba Soja ya kama kunnensa da hannu.

"Ban ji ba, mai unguwa. Wannan kunne bindiga ya lalata shi."

Wani ya yi dariya aka harare shi. Babana bai sauya fuska ba, ya ɗaga murya yadda har masu tsaye a bakin hanya za su ji, ya sake faɗa, kalma bayan kalma. Ni kuwa ina riƙe da zanen kakata.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya buga ƙafa ya sara wa babana. Sannan ya sunkuya, gwiwarsa tana ƙara, ya kwance igiyar ya miƙo mini.

"Wannan akuya ƙashi ne kawai," ya ce. "Zai ɓata mana tukunya."

Wata daga cikin matan zumunta ta rangaɗa guɗa. Samari suka fara ihu, to su me za su ci ranar gayya? Ya juya ya ce su ci wake, a bariki wake ya riƙe su har suka gama yaƙi. Haka kuwa aka yi. Gayyar shekarar acca da wake aka ci, aka yi ta tsokanar mai unguwa da soja cewa sun haɗa baki sun hana gari nama. Na gan su su biyu sun kama gefe ɗaya na giginya, suna gardama a kan wanda ba ya ɗagawa da gaske.

Akuyar ta haifi biyu, mace da namiji. Da suka isa yaye sai ga Baba Soja a ƙofarmu. Ya taɓa bayan wannan, ya ɗaga wancan ya ji nauyi, ya saɓi macen a kafaɗa ya tafi. Babana bai san da cinikin ba sai ranar. Ya tambaye ni ko ni na yi alkawarin, na ce ni ce, ya ce to an gama. Uwar ta ci gaba da haihuwa shekara da shekaru, kuma da 'ya'yanta na fara sayen citta a wurin matan ƙauye ina kaiwa kasuwa, kafin in san mene ne sito ko mota.

Sai da na yi aure na kafu a kasuwa sannan na ji sauran labarin. Na je gida na kai wa Baba Soja burodi da sukari, lokacin idonsa ya kusa rufewa. Da ya gane muryata ya fara dariya.

"Mai akuya! Ka san tun ranar da na kama shi na san zan kwance? Ni so nake kawai in ji ubanki ya faɗa da bakinsa, yadda ya faɗa a kan aladena. Kuma ya faɗa. Namiji ne."

Na ce, "To Baba, 'yar akuyar da ka ɗauka fa?"

"Kai ka kawo tayi. Ni na tambaye ka?"

Na yi dariya har na share hawaye. Gaskiyarsa ne. Har yau idan mutum ya shigo sitona nakan bar shi ya yi ta magana sai na gane abin da ya kawo shi, don ba kowa ne ke neman abin da kake tsammani yana nema ba.

Yanzu akwai kwalbati na siminti a rafin. Ƙaramar hukuma ta yi shi daga baya, bayan babana ya rasu, kuma ba zan raina shi ba, ta kansa motocin da ke ɗauko mini kaya suke bi, mai naƙuda ma tana isa asibiti ko da tsakiyar damina. Gayyar gada ta mutu tunda ba gadar da za a yi. Shelar ɗaure dabbobi tana nan, ana karanta ta cikin sanarwar majami'a tsakanin taron matasa da na mawaƙa. Mai unguwar yanzu yaro ne mai hankali, na san uwarsa, sai dai mutane sun koyi tsallake shi. A daminar bara wasu 'yan uwa biyu, kakansu ɗaya, suka ɗauki babura zuwa ofishin 'yan sanda a kan akuyar da ta ci kunyar wake. Sun wuni a can, kowa ya dawo ta hanyarsa. Da na je sujada a gida kwanan baya na ga ɗaya a bencin gaba, ɗaya can kusa da ƙofa. Na tambayi matar da ke gefena wa aka ba gaskiya a cikinsu, ta ce ba wanda ya sani, don ba a gaban kowa aka yi ba.