Hannun Anti Maza-maza

A makarantar renon yara da ke bayan tashar mota akwai wata mata da kowa ke kira Anti Maza-maza. Yara ne suka raɗa mata, don kalmar ba ta barin bakinta. Ajinta na 'yan shekara uku ne, ɗakin ƙarshe kusa da famfo, mai ƙananan kujerun roba da tabarma, da dogon katako a bakin ƙofa inda ake jera takalma.

Ita ce babba a ɗakinsu. Tun tana yarinya, in mahaifiyarsu ta yi sammakon kasuwa, ita ke yi wa ƙannenta wanka, ta shafa musu mai, ta sa musu kaya, ta kora su makaranta. Ta girma, ta yi aure, ta haifi nata, aikin bai sauya ba. Da ta samu wannan aiki kuwa, sai hannu ya samu fili. In an kusa tashi, za ka gan ta durƙushe a bakin ƙofa, yara sun yi layi kowa na miƙo ƙafa. Ta zura wa wannan takalmi, ta gyara wa wancan wuyan riga, ta share wa na uku majina, duk a numfashi ɗaya. Iyaye na yabonta, don yaro ba ya fitowa ajinta sai tsaf.

Ana nan, sai shugabar makarantar ta gayyato wata malama daga kwalejin horar da malamai ta yi musu bita. Malamar ta fara zagaya azuzuwa tana kallo. Ranar Asabar ta tara malaman makarantar, ta zaunar da su a kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa. Ta ce ɗan shekara uku zai iya sa takalminsa da kansa, in dai babba ya iya jira. Sannan ta raba su biyu-biyu: ɗaya ta zama yaro, ɗaya ta shirya ta da sauri, ba magana.

Anti ta faɗo a hannun malamar ɗakin jarirai, wata ƙaƙƙarfa. Kafin ta ankara an murje mata fuska da hankici, an cafko ƙafarta ana cusawa a takalmi.

"Ke, a hankali mana!" in ji Anti. "Fuska ce ko tebur kike gogewa?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Malamar bita ta ce, "To, Anti, ke kina da bakin faɗa. Su fa?"

Anti ba ta yi dariya ba. A ganinta an mai da taimako laifi.

Ranar Litinin shugaba ta kira ta ofis. "Anti, kin girme ni, ba zan ɓoye miki ba. Yaran ajinki in sun wuce aji na gaba, tsaye suke yi da ƙafa a miƙe suna jiran a sa musu. Malamar za ta dawo ƙarshen wata. In abin ya gagara, sai in mayar da ke ɗakin jarirai. Can ana neman irin hannunki."

Nan fa hankalinta ya tashi. Ba wai ta ƙi jarirai ba ne. Amma jariri ba zai ba ka labarin akuyar kakarsa ba, ba zai tambaye ka ko wata ma yana da mama ba. Wannan surutun shi ke fito da ita daga gida kullum.

Da yamma tana ba maigidanta labari, shi direban bas ne, sai ga babban ɗansu ya leƙo. "Mama, ina safata?"

Maigidan ya kwashe da dariya. "Ga ɗalibinki na farko nan. Gemu ya fito, safa ta gagara."

"Kai kuma wa ke nemo maka makullin mota?" ta ce. Sai ya shiga gyaran hula.

Ta dai fara gwadawa. Da ta harɗe hannu a baya, sai ta ga ya kuɓuce da kansa ya kai ga ƙafar yaro. Sai ta koma riƙe kofin ruwa cike da hannu biyu lokacin tashi, don in ta motsa zai zube. Yaran da farko suka tsaya suna kallonta. Wata ta fashe da kuka, ta zaci fushi Anti take yi da ita. Tashi ya riƙa jan lokaci, masu babur na danna ham a waje, wata uwa har ta tambaya ko Anti ba ta da lafiya ne. A hankali wasu suka kama, wasu kuwa sai an zauna gefensu ana nuna musu da baki.

Ranar da malamar bita ta dawo, ta zauna a lungu. Aka zo tashi, kowa ya fita sai ɗan wani makaniki, yaro mai sanyin jiki da ba ya gaggawar komai. Ya zauna daɓas, ya fito da harshe, ya yi ta kokawa har ya sa takalman duka biyun. Amma na hagu a dama, na dama a hagu.

Anti ta matso, kofi a hannu. Ta ce, "Yaya ka ji ƙafar?"

"Daidai!" in ji shi, ya miƙe yana washe baki. "Ni na sa!"

Kofi a hannu ɗaya, ta kama hannunsa ta raka shi bakin get a haka, abin da ba ta taɓa yi ba. Uban ya dubi ƙafafun, ya dubi Anti.

"Anti, lafiya? Yau an ɗaura taya a baibai."

"Shi ya ɗaura abinsa, baban yara. Ka yi masa barka tukuna. Gyara sai gobe."

Makaniki ya sosa ƙeya. "To, ni ma ranar farko haka na yi wa maigidana." Ya ɗora shi a babur suka tafi.

Da ta koma, ta tarar da shugaba da malamar bita a ƙofar ajin. Shugaba ta ce ajin yana nan a hannunta, kuma za a riƙa fara shirin tashi da wuri don kada iyaye su gaji da jira. Anti ta ajiye kofi, ta yarfe yatsu.

"Sai dai na ga lokacin cin abinci har yanzu ke ke riƙe musu cokali," in ji malamar bita.

"Haba, 'yar nan," Anti ta ce, ta nemi kujera ta zauna. "Ki bar ni in warke daga takalmi mana."