Ƙarfe da Kwalbar Aro

Maƙwabcinmu mai walda, wanda ake kira Ƙarfe, shekara talatin yana cika baki wai cikinsa ko ƙusa ya haɗiye sai ta narke. Amma ka ambaci hanta a gabansa, sai ya kunna inji ya cika shagon da ƙara. Ciwon hanta ne ya ɗauke mahaifinsa, ciki ya kumbura kamar tulu, kuma shi ya yi jinyar.

Da masu binciken cututtukan hanji da hanta suka zo neman mutane, shi ya fara sa hannu, don 'yan layi na kallo. Aka ba shi 'yar kwalba mai jan murfi, aka ce ya kawo bayan gida. Jarumin namu ya yi kwana uku yana zagaye kwalbar nan kamar kunama ce. Rana ta huɗu ya tare ƙaninsa direba a bakin banɗaki.

"Ungo, zuba min."

"Yaya, wannan kuma wane irin zumunci ne?"

"Kai da kake lafiyayye kamar doki? Ni na yi maka aure, wannan ne zai gagare ka?"

Aka kai, da sunan Ƙarfe a jiki. Bayan mako biyu likita ta kira shi ofis, ta rufe ƙofa. Ta ce an ga jini a ciki, irin wanda ido ba ya gani. Dole a zura na'ura a duba hanjin, ba jinkiri.

Ƙarfe ya kalli fanka, ya kalli takalminsa. In ya yi shiru, za a leƙa hanjin da bai ci ba bai sha ba, ƙaninsa kuwa na can yana tuƙi da ciwon da bai sani ba. In ya yi magana, layi ya samu abin taunawa na shekara.

"Likita," ya ce da muryar sauro, "kayan nan, aro na yi."

Ta cire tabarau. "Baba, har wannan ma ana aro?"

Ranar da kansa ya je tasha ya sauko da ƙanin daga mota, fasinjoji na zagi. An cire wa direba ɗan tsiro a hanji tun bai zama bala'i ba. Shi kuwa Ƙarfe, aka ɗebi jininsa yana runtse ido, aka ba shi sabuwar kwalba, ma'aikaci ya zauna gadi a ƙofar banɗaki har ya fito.

Sakamakonsa bai fito ba tukuna, amma ya riga ya sanar da layi cewa dabara ce ya shirya don ceton ƙaninsa.