La'asar ɗin Kawu a tsakiyar ruwa

"Ka ce wa direba ya tsaya mu yi La'asar," in ji Kawu, yana gyara rigar hana nutsewa da aka ɗaura masa a kan babbar riga.

Muna cikin jirgin ruwa na haya ne a Legas, za mu wani gari na bakin teku dubo ɗansa. Shi kuwa Kawu motar Rogo zuwa Ƙaraye ya saba da ita, inda da an yi magana direba zai gangara gindin bishiya, kowa ya fito da buta.

Na ce, "Kawu, ya tsaya a ina?"

Ya duba dama, ya duba hagu. Ruwa ne kawai, ga rana tana yin ƙasa.

Sai wata mai kifi, wadda ko "zo" ba ta ji da Hausa, ta janye kwandonta, ta miƙo masa robar ruwanta, ta nuna masa gabas da haɓa. Nan ya yi sallarsa.

Da muka sauka ya ce, "Ikon Allah! Ga ruwan alwala har ya yi yawa, ƙasar sa goshi ce babu."

Ni dai har yau ina mamakin yadda matar nan ta gane. Mazauna kudu, haka kuke fama?