Dokar da Ta Tsaya a Kan Baba

Mahaifina direban bas ɗin makaranta ne, har ya ajiye aiki bai taɓa goge ko kaza ba. Sannu-Sannu ake ce masa a unguwa. Mutum ne da zai tsaya a jan danja ko da titi ya yi fayau, na baya suna ta danna masa hon, shi kuwa hannu biyu a kan sitiyari kamar ba da shi ake ba. Muna yara abin har kunya yake ba mu. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Amma ban gado haƙurinsa ba ko na sisin kwabo.

Ba a daɗe da rasuwar Mama ba hawan jini ya kayar da shi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ga ciwon suga da ma yana fama da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai 'ya'yan mutane yana dawo da su, sai ga shi a keken guragu, ni ke tura shi. Ya daina hira, ya daina kunna rediyo. Watarana likitar gashin ƙashi ta ce mu gwada sa shi a ruwa, don ruwa yana ɗauke wa mutum nauyin jikinsa.

Akwai tafkin iyo a bayan filin ƙwallon unguwarmu. An kewaye shi da waya, an yi masa matakala ta siminti, an ja igiya ta raba wurin da ba zurfi da mai zurfi. A bakin ƙofa ga allo: ba a wanki, ba a wanke abin hawa, ba a shiga da kwalba, safiya ta tsofaffi ce da marasa lafiya. Ranar farko sai da Baba ya sa na tsaya ya karanta shi tas.

Ƙanena ya riƙe shi suka sauka har ruwa ya kai masa ƙirji. Baba ya kama igiya da hannun dama, ya ce a sake shi. Aka sake shi, ya tsaya. Wallahi ya tsaya da ƙafafunsa! Ya ja ta hagu, ta biyo shi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Uwata, kin ga ɗanki yana tafiya?" Na juya baya na yi kukana.

Daga nan kullum safiya muna can. Duk duniya a wannan ruwan kaɗai mahaifina yake tsayuwa, kuma likita ta ce in ya daina, ƙafar za ta sandare.

To amma fa wurin yana da mai gadi, wani dogo mai yawan murmushi da ake kira Ba-Komai, kuma sunan ya bi shi. Masu babur su turo babura har bakin ruwa su wanke, baƙin mai yana yawo a saman ruwan. Ba komai. Mata su zo da darduma da labule, kumfa ta rufe matakala. Ba komai. Samari su yini can suna shan lemo, su farfasa kwalabe a kan siminti don nishaɗi, da safe ma su faɗo tsakiyar tsofaffi tsulum, su yi ta dariya. An yage waya ta baya, kowa ta nan yake ɓullowa. An ba shi usur, amma ban taɓa jin ya busa ba, ado yake yi da shi a wuya.

Na same shi na ce, "Malam, wai kai gadin me kake yi? Gadin kujerarka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wancan ɗan yayata ne, wancan kuma yaron ciyaman ne. In na yi magana ni zan zama mugu. A yi haƙuri."

Na je wurin ciyaman ɗin kwamitin unguwa. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa mai sanyi, ya ce za a duba. Har yau ana dubawa. Baba kuwa faɗa ya yi mini, wai na ɗaga wa mutum murya a bakin aikinsa. Shi abin da ya iya shi ne ya sa ƙanena ya riƙa tsince fasassun kwalabe kafin su shiga. Na kan siminti ake gani, na ƙarƙashin ruwa wa zai gani?

Wata safiya aka fito da Baba daga ruwa yana ta ba'a, wai ya kusa shiga gasar tsere. Ina goge masa jiki sai na ga matakala ta yi ja. Na ɗaga ƙafarsa ta hagu, tafin ya tsage, ga gilashi a ciki. Shi bai ma ji ba, ƙafar ba ta jin komai. Innalillahi! Mai ciwon suga da rauni a ƙafa, a ruwan da aka wanke babur! Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi ruwa, ya fara wari. Muka yi ta jinya a asibiti, har aka yanke masa yatsu biyu. Duk wanda ya zo dubiya, tambayar Baba ɗaya ce: igiyar tana nan?

Ni kuwa na tayar da hankalin kwamiti, ba wanda ban zazzage wa ba. Suka zauna taro. Na ɗauka yanzu kam za a gyara.

Da raunin ya rufe, likita ta ce ya koma ruwa da gaggawa, da takalmin roba, domin gwiwar ta fara ƙagewa. Baba ya sa aka yi masa aski. Muka tura shi har ƙofar tafkin, sai Ba-Komai ya miƙe ya tare hanya, ya nuna allo. An ƙara sabon layi da jan fenti: saboda kare lafiya, an hana marasa lafiya da tsofaffi shiga ruwa.

Ina tsaye ina kallon bayan mai gadin, ga wani yana wanke babur, ga darduma an shanya a kan igiyar da Baba yake kamawa. Na ce, "Duk dokokin nan ba wadda ka taɓa tsarewa, sai wannan? Sai a kan tsohon nan? Kai, Allah ya isa!"

Murmushin ya ɓace. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, ciyaman ya ce in na bar ku ta ƙofar nan, a bakin aikina. Amma ku zagaya ta baya, wurin da waya ta yage. Keken zai wuce. Ni ban gani ba."

Har na kama keken zan zagaya. Baba ya sa hannun dama ya danne birki.

"Ina za ki kai ni?"

"Baba, kowa ta nan yake shiga."

"Ni ba ɓarawo ba ne, Uwata. Da girmana ba zan shiga wuri ta ɓarauniyar hanya ba. Mai da ni gida."

Na roƙe shi. Na durƙusa a kan tsakuwa a gaban mutane na ce ƙafarsa ce fa, in ta sandare shi ke nan. Ya yi wa mai gadin godiya, ya ce Allah ya taimaka, ya kawar da kansa daga ruwan. Na tura shi gida ina kuka, kuma ban san haushin wa na fi ji ba, nasu ko nasa.

Na koma wurin ciyaman, ya ce za a duba. Tafkin yana nan cike da mutane, ihunsu har tsakar gidanmu. Baba yana zaune a keke bakin taga. Shekaranjiya likita ta zo, ta kama gwiwar ta yi ta ƙoƙarin miƙe ta, ta ƙi. Ta kira ni waje ta ce ko gobe aka buɗe masa ƙofar, ba lallai ya sake tsayuwa ba. Da na dawo ɗaki ya ce, "Me ta ce?"

Na ce ta ce da sauƙi.