Wandon da Inna ta ɗinka mini

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, kuma abin da zan faɗa yau ya kusa shekara hamsin a cikina. Na ga matasanmu masu tseren keke suna gardama a kan gajeren wandon nan mai soso, sai na ce bari tsoho ya sa baki, tunda ni wando ya taɓa kai ni bakin kabari.

A shekarun da aka canja kuɗi zuwa naira, ina saurayi a Ɗanzomo, ina kai goro kasuwar Maigatari a kan keke, in dawo da kanwa da dabino. Hanya yashi, sirdi kamar dutse. Idan na sauka sai in riƙa tafiya kamar wanda aka yi wa sabon shayi, abokai suna dariya.

Ni ne ɗan farin Inna. Kun san al'adarmu: ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, a hannun kakata na tashi. Idan dole ta ambace ni sai ta ce "mai keke."

Wata rana ƙanwata Talatu ta miƙo mini ƙunshi. "Inna ta ce a ba mai keke."

Gajeren wando ne na yadin akoko, an cusa masa audugar rimi a mazauni, an bi da ɗinki mai kauri ta tsakiya. Ashe Inna tana kallon tafiyata. Tunda aka haife ni ban taɓa samun abu daga gare ta ba sai ranar, kuma na yi murna sosai.

Da farko daɗi. To amma a garinmu ba a wanke abin da aka cusa wa rimi, kamar matashin kai, shanya shi ake yi a rana. Haka na riƙa yi. Gumi ya shige shi, rimin ya dunƙule, ɗinkin tsakiya ya dinga gurzar fata.

Ƙurji ya fito mini a matse-matsi, ya zama maruru. Wurin ba wurin nunawa ba ne, kuma ban so a ce wandon Inna ne. Na ci gaba da hawa.

Sai kaluluwa, sai zazzaɓi. Wanzami ya tsaga, ya zuba garin magani, abin ya ƙara kumbura har cinya ta yi baƙi. Ranar da na kasa tashi sallar asuba aka ɗora ni a keken shanu zuwa bakin hanya, mota ta kai mu asibiti a Gumel.

Aka ɗebi jini da fitsari, aka sa mini ƙarin ruwa. Likita ya ce sai an yanke naman da ya ruɓe, kuma idan ya ci gaba ƙafar ma ba tabbas. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Baba ya sayar da keken aka sayi allurai.

Da za a shiga da ni, malamin asibiti ya yanke wandon da almakashi, ya ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wa ya ɗinka masa wannan? Ai shi ya ci masa nama."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Bai san matar da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi, ita ce ba.

Kullum da safe wankin ciwo. A zare tsohuwar auduga daga cikin rami, a cusa sabuwa, ina cizon hannun riga. Allura safe da yamma har na rasa inda zan kwanta. Inna ba ta taɓa shigowa ɗakin ba. Tana gindin darbejiya a waje, ta dama kunu ta ba Talatu.

Na ce wa Talatu, "Ki gaya mata ba laifinta ba ne, ni ne ban wanke ba."

Ta dawo ta ce, "Yaya, na faɗa mata. Cewa ta yi ta ji."

Nama ya tsiro a hankali, ƙafa ta tsira. Bayan girbi aka sallame ni ina dogara sanda. A gida na tarar Inna ta rabar da alluranta da zarenta, ita da mata ke kawo wa ɗinki daga unguwanni. Kullum in na je gaishe ta sai in durƙusa daga bakin ƙofa da niyyar yau zan faɗa, ta amsa gaisuwa fuskarta a gefe, in tashi.

Damina ta gaba ta rasu, ciwon kwana kaɗan.

Na gode wa Allah, na gode wa masu wankin ciwon nan da ban san sunansu ba, da Talatu da ta sha zirga-zirga.

Ku masu keke, ku saurara. Ku zaɓi wandon da ya kama jiki, wanda ba ɗinki a tsakiyar sosonsa. Kada a sa wani wando a ƙarƙashinsa, gefen na ƙarƙashin ke yanka fata. Da an sauka a cire, a wanke da sabulu, ya bushe sarai. Wanda ya samu hali ya sayi biyu. In ƙurji ya fito a ajiye keke, in ya zo da zazzaɓi a tafi asibiti ranar, a nuna wa likita ko a ina yake.

Wanda ya karanta, don Allah ya sa Inna a addu'a. Ta tafi tana ganin ita ta cuce ni, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce mata na gode da wandon ba.