Gangar da Ta Haye Teku

Kakarmu 'yar Keana ce, ta tsufa wajen dafa gishiri kafin babanmu ya ɗauko ta zuwa garin Lafiya. Da an ci tuwo sai mu kewaye murhunta, hayaƙi na cin idonmu, ba mai motsawa.

Autanta, Kawu Danladi, ɗan acaba ne. Ya bar gashinsa ya kitse kamar igiya, kullum rediyonsa na juya kaset ɗaya, wata tsohuwar waƙar Jamaika. Ya ce 'yan Rasta ne suka buga gangar da ke cikin waƙar, lokacin da ko ƙofar gidan rediyo ba a barinsu su taka. Unguwa ta ce ya zautu. Kaka kuwa ta kasa kunne ta ce, "Wannan ganga namu ne. Ku zauna in faɗa muku yadda ya je can."

Wai wani makaɗi ne ya raka fataken gishiri, 'yan kamun bayi suka tare su a daji. Aka ɗaure shi, aka haye teku da shi. Ba fata, ba itace, sai ya riƙa kaɗa ƙirjinsa, 'ya'yansa suka koya. Uwarsa ta mutu tana kallon hanya.

"Bai dawo ba?" in ji mu.

"Wanda ya haye ruwa ba ya dawowa. Kiɗansa kawai."

Mun ji labarin ya fi sau hamsin, mun haddace shi tsaf.

Ina shekara tara aka yi tashin hankali a ƙauyuka. Kawu ya kai fasinja ƙauyen Ashige, wasu 'yan banga suka tsayar da shi, suka ce mai irin wannan gashi ba mutumin kirki ba ne. Babur kawai aka samu.

Bayan wata biyu Kaka ta sake kiranmu gindin murhu. Ta ja labarin yadda muka sani, amma da ta zo ƙarshe sai ta ce makaɗin ya sami jirgi, ya iso gida da damina.

Ni da bakina mai kaifi na ce, "Kaka, kin manta. Ai ba ya dawowa."

Ta kalle ni. "Haka ne, 'yar nan," ta ce, ta janye itacen daga wuta.

Ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba har ta rasu. Sai da na haifi nawa ɗan na gane ba mantawa ta yi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Hanya ɗaya ta rage mata ta dawo da ɗanta gida, ni kuma na tare ta.