Zuwairatu da Rumbun Badaru

Ke Mahfuza, geron nan da kike surfe kina watsar da shi kaji na tsincewa, kin san daga hannun wa irinshi ya fito? Ba ki sani ba. To jingine taɓaryar ki jawo kujera. Kina birni wajen uwarki lokacin da aka yi abin.

Zuwairatu ce, matar Badaru, masu gidan nan na bayanmu da kika ga danganshi ya kwanta. Allah ya jiƙan ta. 'Yar Tsaskiya ce, ƙasar Safana, aka kawo ta nan Wagini ina goyon babanki. Shekara arba'in da ɗoriya danga ɗaya ya raba mu. In wutata ta mutu, wajenta nake ɗebo garwashi. Gajera ce, baƙa, mai wushirya, ga baki kamar aska. Daddawa take yi, ta kalwa, har daga Ruma ake aiko saye. Haihuwa tara ta yi, huɗu suka tsaya. Matan uku aure ya kai su nesa, namijin kuma, Nasiru, yana Zariya yana sayar da kayan miya. Duk biyar ɗin da ta rasa, ban taɓa ganin hawayenta gaban mutane ba. In abu ya cushe mata, turminta ne ke faɗa. Da na ji lugude ba lokacin daka ba, na san Zuwai na cikin wani hali.

Shi kuwa Badaru manomi ne, kuma abin da aka san shi da shi iri. Wani gero ne mai dogon kai da ya gada wajen ubanshi. Duk kaka, kafin a ɗaure dami ko guda, sai ya zauna bakin gona ya zaɓi zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Ya auna a tafin hannu, ya murza, ya sa haƙori ya ciza. Waɗanda suka ci ya ɗaure su daban, ya ɗora can sama cikin rumbu. Ko shekarar yunwar da muka ci tafasa ba gishiri, wannan damin ba a taɓa shi ba. Kuma kin san a nan rumbu na namiji ne. Mace ba ta hawa, ba ta leƙawa, don sirrin maigida ne. Kullum da safe shi zai hau tsani ya fiddo mata abin da za a daka, ta karɓa, shi ke nan.

To, sai wani baƙin tabo ya fito mashi a dunduniyar hagu. Aka ce ƙaya ce ta karye ciki. Wanzami ya sa aska ya tona, bai ga ƙaya ba. Aka ce faso ne, ta narka man shanu tana shafa mashi. Abu dai sai faɗi yake, gefenshi ba daidai ba kamar tawada ta zube, har ya fara tsattsafar jini. Da damina ta yi nisa takalmi ya gagara. Ita ta matsa mashi ya je asibitin Batsari, can suka tura shi Katsina. A Katsina likita ya daɗe yana duba wurin. Suka yanki 'yar tsoka kamar ƙwayar wake suka jefa cikin kwalba. Likitan ya ce yana tsoron ko ciwon daji ne na fata, wanda suke ce ma kansa, amma ba zai yanke magana ba sai an auna. Ya ce sati uku, za su bugo waya.

Ba su yi kwana huɗu da dawowa ba aka kashe layin waya a ƙasar nan duka, saboda 'yan bindiga. Kin tuna shekarar. Waya ta zama dutse a aljihu. Ba mai kiran ka, ba wanda za ka kira. Ko Nasiru bai san ubanshi ya je asibiti ba.

Ranar nan turmi ya fara. Zuwai ta dake dawar da ba a sa ta ba. Ta share tsakar gida sau uku kafin azahar. Ta wanke tukwanen da ta wanke jiya. Na leƙa ta danga na ce, “Zuwai, ƙasar nan za ki share har ki tarar da ruwa?”

Ta ce, “Yaya Turai, in na zauna, abin zama yake kusa da ni. Gara ya bi ni yana haki.”

Abinci ta rage, carbi ya ƙaru. Tana wanke mashi ƙafar safe da yamma da ruwan gishiri mai ɗumi, tana duba tabon da wutsiyar ido ko ya ƙara faɗi, shi kuma yana kallon sama kamar ƙafar ta wani ce. Ba ta ce mashi komai, bai ce mata komai. Halin mutanen da can ke nan. Ku yaran yanzu kome sai kun zauna kun tattauna.

Sati uku suka cika. Ta ce, “Malam, tunda waya babu, ai sai a je.” Ya ce hanya ba kyau. Gaskiya ne, ba kyau, amma motoci na fita da rana. Sati ya zagayo, ta sake magana. Ya ce a bari a gama girbi. Aka gama girbi, 'yan'uwa suka taya shi, jakai suka kwaso dammuna. Amma Badaru bai zaɓi iri ba. Ya sa aka ɗaure duka haɗe, mai kyau da maras kyau, aka jibge cikin rumbu. Shekara arba'in ba ta taɓa ganin haka ba. Mutumin da bai ajiye iri ba, kin san abin da ya gaya ma kanshi game da baɗi.

Sai kuma ran kasuwar Batsari ya hau mashin ya tafi, da ƙafar nan naɗe da tsumma, shi da ya ce hanya ba kyau. Ya dawo da baƙar leda a hammata. Ba tsire, ba sabulu, bai miƙa mata ba. Ta ga shigar leda gida, ba ta ga inda ta kwana ba. Ta duba ɗakinshi wajen shara, babu. Wuri ɗaya ya rage.

Ran Juma'a da maza suka tafi masallaci, Zuwairatu ta ɗaure zane ta hau tsani. Ta ce mani ji ta yi kamar ta je sata gidan wani. Ta ɗaga jinka ta leƙa. Can sama, daidai inda damin iri ke zama duk shekara, ga leda. Ta buɗe. Farin yadi ne sabo fil a ninke, da 'yar kwalbar turare. Likkafani.

Ta mayar yadda ta gan shi, ta sauko, ta zo nan. Nan inda kike zaune ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ta dai faɗa mani abin da ta gani. Na ce, “Ki yi mashi magana mana.”

Ta ce, “In ce mashi me? Na hau rumbunka? Da girmana?”

Na ce, “To mu sami liman.”

Ta ce, “Liman zai ce mashi ya kyauta, mumini ya tuna da mutuwa. Kuma gaskiyarshi. Ni ba yadin ne ya tsaya mani ba, Yaya. Inda ya aje shi.”

Daga ranar turmi ya yi shiru. Na ɗauka ta karaya ne. Ashe wani aiki ta samu. Kullum in ya fiddo mata geron da za a sussuka, sai ta kai bayan ɗaki ta baje, ta zare zangarniya biyar ko shida waɗanda suka fi cika mata ido, ta ɓoye ƙarƙashin gado. Ta ce mani duk wadda ta zara sai ta yi bismilla ta ce, wannan ta baɗi ce. Ta ce shi ne kawai lokacin da ƙirjinta ke sakin ta. Tuwo ya ɗan ragu a kwano, Badaru bai lura ba, shi ma ba ci yake ba. Kwana goma sha ɗaya ta tara abin da ya kai ɗan dami. Juma'a ta biyu ta ɗaure shi da igiyar rama, ta sake hawa, ta ɗora shi a kan ledar nan.

Da safe ya hau fiddo hatsi. Ina bayan danga ina ba awaki dusa, Allah ya yafe mani, na kasa kunne. Ya daɗe a sama. Sannan ya sauko da ɗan damin, ya ɗingisa gindin dalbejiya ya zauna, ya kwance igiya. Ita tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ya ce, “Ke, wa ya ɗaura wannan?”

Ta ce, “Ina jin ɓera ne.”

Ya ce, “Ɓera mai hawa tsani.” Ya ɗauki ɗaya ya auna a hannu, ya jefa gefe. Ya ɗauki wata, ya jefa. “To ɓeran nan bai iya zaɓe ba. Dubi wannan, tsawo kamar sanda, ciki fanko. Ba tsawo ake dubawa ba, nauyi ne.”

Ta ce, “Shekara arba'in ɓeran na daka maka, ka taɓa zaunar da shi ka koya mashi?”

Na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Rabon da in ji ta tun kafin Katsina. Ya yi ta warewa, kashi biyu, wannan dama wannan hagu. Can ya ce, murya ƙasa, “Ya ga wani abu a can sama?”

Ta ce, “Ya gani.”

Ya ci gaba da ware zangarniya har akuyata ta gama dusa.

Ya ce, “Ai ba laifi ba ne mutum ya tanadi nashi.”

Ta aje rariya. Ta ce, “Ba laifi ba ne, Malam. Ni ma in ka koma kasuwa ka sawo mani. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce a aje likkafani a bar iri ba. Ka aje su duka biyu, Allah ya zaɓi wanda za a fara saukewa. Kai ka riga ka zaɓar mashi.”

Ya ce, “In na je suka ce shi ne fa?”

“Sai mu san shi ne. Wata biyu ina kwana da abin da ba ni da sunanshi. In mutuwa ce, na san ta, sau biyar tana shigowa ɗakina. Wannan jiran ne ban iya ba.”

Ya ce, “In suka ce za su yanke ƙafar? Manomi ba ƙafa, ina amfaninshi?”

Ta ce, “Zaɓen iri a zaune ake yi. Ga ka nan kana yi.”

Sai ya ce ta matso. Ya ɗora mata zangarniya a tafin hannu, ya ɗora wata a ɗayan, ya ce ta faɗi wadda ta fi nauyi. Ta faɗa, ya ce ba ita ba. Har hantsi ya yi suna nan, ya sake hawa ya sauko da dami biyu suka kwance. Ranar ba a ɗora tukunya gidan ba sai azahar, ni na miƙa masu ɗumame ta danga.

Ran Litinin suka shiga motar safe su biyu zuwa Katsina. Takarda na can tana jiran su tun tuni. Shi ne. Likita ya ce da an ƙara wata biyu da magana ta canza, yanzu ma sai an je Zariya an yanke wurin, a duba ko ya yaɗu. Da suka dawo na shiga yi masu sannu, na tarar da Zuwai ta cinye kwanon tuwo tana suɗe hannu. Ta ce, “Yaya, kansa ce. Alhamdulillahi, yanzu na san da wa nake faɗa.”

Cikin kwanakin shirin tafiya tsoho Hamma na bakin masallaci ya rasu, gidanshi ba ko ƙyallen likkafani. Badaru ya hau rumbu da kanshi ya sauko da ledar nan ya aika.

A Zariya an yanke mashi dunduniya da rabin tafin ƙafa. Yana nan da ranshi wajen Nasiru, da sanda yake tafiya, an ce yana zama bakin rumfa yana ware ma ɗan nashi tumatir, yana faɗan ba a iya zaɓe ba. Ba su dawo ba, asibiti na son ganin shi a kai a kai, ga garin namu yadda ya zama. Ita ce ta riga shi. Bara waccan, hawan jini, kwana biyu ta yi a kwance. Ni ba waya gare ni ba, gaisuwarta a bakin mutane take iso ni, har ranar da aka zo da wancan saƙon.

Saboda haka rabona da ita ranar tafiyar ne. Masu mashin biyu na jira ƙofar gida, an ɗaure kaya, Badaru ya riga ya hau. Sai ga ta ta zagayo ta bayan danga, rungume da damin nan kamar jariri, an naɗe shi da tsohon zanenta. Ta ɗora mani a hannu. Na fara hawaye, ta harare ni. Ta ce:

“Yaya Turai, bar wannan, riƙe da kyau. Rabi shi ya zaɓa, rabi ni, kuma nawa sun fi. In ruwa ya sauka ba mu dawo ba, ki ba ɗanki ya shuka. Ko yunwa za ta kashe ku, kar ki bari a daka shi.”